Na'urori huɗu da suka ƙi barci a ma'ajiyar dankali a Jos

Mutumin da ya ba mu wannan aiki wani Alhaji ne, dillalin dankalin turawa a Jos. Yana sarowa daga Bokkos da Mangu, yana sayarwa a kasuwar Farin Gada, kuma yana da ɗakuna shida da yake ajiye iri a ciki daga girbin damina, wajen watan Agusta, har zuwa Nuwamba lokacin da masu noman rani ke fara shuka. Kukansa ɗaya ne. Kowace shekara irin wani ɗaki yakan yi tsiro da wuri ya yanƙwane, na wani ya ruɓe, na wani kuma ya fito garau, alhali daga mota ɗaya aka sauke su. Yana zargin zafin kwano da rana, amma ba shi da shaida. Sai ya nemi mu haɗa masa 'yan na'urori goma sha biyu, bibbiyu a kowane ɗaki, da za su riƙa auna zafi duk rabin awa suna ajiyewa, ba tare da wutar NEPA ba, ba tare da wani ya riƙa canza batir ba.

Mun zaɓi cif ɗin MSP430G2553 na kamfanin Texas Instruments, wato 'yar ƙaramar kwamfuta da aka dunƙule a ƙwaya ɗaya. Tsohon cif ne, kuma da yawanmu da shi muka koyi sana'ar, tun da kamfanin ya fito da allon koyo na LaunchPad a 2010 a kan dala 4.30. Yana da filash mai ɗaukar kilobayit 16, wato ma'adanar da ba ta mantuwa ko an cire batir, da RAM, ma'adanar aiki mai mantuwa da zarar an cire batir, mai bayit 512 kacal (bayit ma'aunin yawan bayani ne), da ma'aunin zafi a cikin cikinsa. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne barcinsa. A yanayin da ake kira LPM3, ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni tana tsayawa cak, agogo mai sauri ya mutu, a bar ɗan agogo guda mai tafiyar hawainiya yana ƙirga lokaci, kuma wutar da cif ɗin ke ja ba ta kai maikuro'amfiya ɗaya ba.

Tsarinmu ke nan: kiristal irin na agogon hannu yana bugawa sau 32,768 a daƙiƙa. Mun raba bugun gida takwas, ya dawo 4,096, sannan ma'ƙirgin lokaci ya ƙirga 32,768 daga ciki, wato daƙiƙa takwas cif. Duk daƙiƙa takwas na'urar ta farka, ta ƙara ɗaya a lissafinta, ta koma barci. A farkawa ta 225, rabin awa ya cika, ta auna zafi ta rubuta bayit biyu a filash. Awo 48 a rana, bayit 96 ke nan, kuma kilobayit 8 da muka ware zai ɗauki kwana 85, daidai tsawon ajiyar Alhaji. A kan batir AA guda biyu, lissafi ya nuna batirin zai tsufa don kansa kafin na'urar ta shanye shi.

Ni na ɗora manhaja a kan takwas. Sauran huɗun na bar wa wani ɗalibi da ke koyon aiki a shagonmu, yaro mai natsuwa da hannu mai tsabta wajen soda, wato liƙa wayoyi da narkakkiyar dalma. Gwajinmu kafin rufe akwati shi ne a sa batir, a ga 'yar fitila ta ƙifta sau uku. Duk goma sha biyun sun ƙifta.

Bayan wata guda Alhaji ya kira, yana son ganin abin da aka samu. Na je da kwamfuta da waya. Takwas suka zubo bayanansu tsaf. Huɗu ko motsi. Na auna batiransu, sun mutu murus.

"Injiniya, ko dai batiran jabu ne? Ka san kasuwar nan," in ji Alhaji.

"Zai yiwu, Alhaji, amma daga kwali ɗaya muka ciro duka. Ka ba ni su in tafi da su shago."

Zato na biyu laima ce, domin watan Agusta a Jos ruwa da hazo ba sa ɗagawa, kuma kiristal mai 32,768 ba ya son danshi ko dattin soda tsakanin ƙafafunsa. Na buɗe akwatunan, fanel a bushe, soda fes. Sai na sa sabon batir na jona mita a tsakani. Lafiyayyar na'ura ta ƙifta sau uku, lambar mita ta faɗo ƙasa har ta kusa ɓacewa. Mara lafiyar ta ƙifta sau uku ita ma, amma mita ta haye wajen mili'amfiya 5, wato maikuro'amfiya 5,000, ta zauna daram. Ninki dubu biyar ke nan na abin da ya kamata. Batir AA mai kyau yana ɗauke da abin da bai wuce mili'amfiya 2,500 na awa ɗaya ba. Raba shi da biyar, awa 500, mako uku. Ruwa ba ya tsami banza. Na'urorin ba su taɓa yin barci ba tun ranar da aka rufe su, kuma ko awo ɗaya ba su rubuta ba.

Filayen da ke cikin cif

Wanda bai san yadda aka yanka filaye a cikin wannan cif ba, ba zai gane abin da ya faru ba. Duk abin da ke ciki yana da adireshi, daga 0x0000 zuwa 0xFFFF, kamar unguwa mai layi ɗaya da aka jera wa gidaje lamba. Ana rubuta lambobin da ƙirgen sha shida-shida, shi ya sa ake ganin haruffa a ciki.

Farkon layin, daga 0x0000 zuwa 0x01FF, rajistoci ne. Su ba wurin ajiya ba ne, makunnai ne: duk lambar da ka rubuta a rajista, nan take wani abu ya kunnu ko ya mutu a cikin cif. Daga 0x0200 zuwa 0x03FF RAM ce. Can ƙarshen layi, daga 0xC000 zuwa 0xFFFF, babban filash ne, an yanka shi yanki-yanki, kowane bayit 512. Mu muka raba shi biyu a fayil ɗin da ke nuna wa manhaja inda za ta zauna: 0xC000 zuwa 0xDFFF na awon zafi, daga 0xE000 zuwa sama na manhaja. A can ƙololuwa akwai jerin adireshin da cif ke dubawa idan an tashe shi, kuma na ƙarshensu, 0xFFFE, shi ke gaya masa inda zai fara aiki in an sa batir. Wanda ya goge yankin ƙarshe bisa kuskure ya bar cif bai san ƙofar gidansa ba.

A tsakiya kuma akwai wani ɗan fili da mutane ke wucewa ba su kula ba, daga 0x1000 zuwa 0x10FF, bayit 256, yanki huɗu masu bayit 64: D, C, B, A. Uku na farko naka ne, ka ajiye abin da kake so. Mu a D muke rubuta lambar na'ura da lambar ɗaki. Yankin A, daga 0x10C0, ba naka ba ne. A masana'anta ana gwada kowane cif shi kaɗai, a rubuta masa lambobin saitinsa a nan, a kulle da wani makulli da ake kira LOCKA.

Filash yana da wata ɗabi'a da ya kamata a riƙe. Rubutu a cikinsa mayar da 1 zuwa 0 ne kawai. In kana son 0 ya koma 1, sai ka goge yanki sukutum, kuma gogaggen bayit, mai gurbi takwas da ake kira bit, yana zama 1 guda takwas a jere, wato 0xFF, 255 a ƙirgenmu na yau da kullum. Mun ma ci moriyar wannan. Maimakon mu riƙa ajiye "a nan na tsaya" duk rabin awa, abin da zai cinye gogewa 10,000 da kamfanin ya lamunce filash zai jure cikin kwana 208, sai na'urar ta bi filin awo tana neman wuri na farko da babu rubutu, ta ci gaba daga nan.

Agogo uku, maɓuɓɓuga uku

Cif ɗin yana rarraba bugu ta hanya uku. MCLK ke tafiyar da ƙwaƙwalwa, SMCLK ke tafiyar da sassa masu buƙatar sauri kamar hanyar aika bayanai zuwa kwamfuta, ACLK kuma shi ne mai tafiyar hawainiya da ke raye lokacin barci. Maɓuɓɓugar bugun ma uku ce: kiristal na waje, da VLO, wani ɗan agogon ciki mara cin wuta, da DCO, agogon ciki mai sauri wanda ke tashi cikin abin da bai kai maikurosakan ɗaya ba. Wannan saurin tashi shi ne sirrin tsimin batir, domin cif ba ya ɓata wuta yana jiran agogo ya daidaita. Ya farka, ya yi aikinsa, ya kwanta.

Sai dai DCO bai san saurin kansa ba. Cif biyu da aka ba lamba ɗaya ba za su yi gudu ɗaya ba, shi ya sa masana'anta ke nemo wa kowanne lambobin da za su ba shi megahaz 1, 8, 12 da 16 daidai. Na megahaz 1 bayit biyu ne, a 0x10FE da 0x10FF, ƙarshen yankin A. Layi biyu daga cikin na farko-farko a kusan kowace manhajar wannan cif aikinsu ke nan: ɗauko bayit biyun, zuba ɗaya a rajistar DCOCTL, ɗaya a BCSCTL1. Wato gaskiyar agogon a cikin ma'adana take kwance.

Na jona ɗaya daga cikin huɗun da kwamfuta na leƙa yankin A. Daga 0x10C0 har 0x10FF, babu komai sai FF, FF, FF. Sauran ukun ma haka.

Na kira ɗalibin na tambaye shi yadda ya ɗora manhajar. Bai ɓoye komai ba.

"Oga, ka ce in goge komai kafin in sa sabuwar lambar ɗaki. Na ga zaɓi uku a wurin gogewa, sai na ɗauki na ƙarshe, wanda ya haɗa har da wurin da aka kulle, don kada wani abu ya rage."

Haka na ce masa kuwa. Waɗannan cif huɗu ragowar wani tsohon aiki ne, akwai tsofaffin lambobi a yankin D, kuma da na ce "komai" yankin D nake nufi. Manhajar ɗora umarni tana ba da zaɓin goge babban filash kaɗai, ko haɗe da ƙananan yankuna, ko haɗe da kullallen yankin. Ban taɓa zaunar da shi na nuna masa abin da ke cikin yankin A ba. Umarnin daga bakina ya fito, kuma ya bi shi da zuciya ɗaya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda lamba ɗaya ke da ma'ana biyu. A filash, 0xFF na nufin babu komai a nan. A rajista, 0xFF na nufin a kunna komai. Manhajarmu ta ɗauko "babu komai" ta zuba a makunnai ba ta tambaya ba. A BCSCTL1, bit huɗu na ƙasa su ke zaɓar zangon saurin DCO, suka tafi 15, zango mafi sama. A DCOCTL, bit uku na sama suka tafi 7, matakin ƙarshe. Takardar bayanin cif ɗin ta nuna wannan haɗi yana ba da tsakanin megahaz 16 da 26, alhali iyakar cif ɗin 16 ce, ita ma sai da bolt 3.3, mu kuwa batir biyu bolt 3 suke bayarwa suna sababbi. Bit biyu na tsakiya suka ƙara raba ACLK gida takwas. Wani bit mai suna XTS kuma ya umarci da'irar kiristal ta koma yanayin kiristal mai sauri, yanayin da wannan cif ba shi da shi sam.

A nan aka kama mu. Bayan saita agogo, manhajar tana da wani zagaye da ke jiran kiristal ya tashi: ta sauke tutar kuskure mai suna OFIFG, ta ɗan jira, ta duba, in tutar ta sake tashi ta maimaita. Ban sa wa zagayen iyaka ba. A kan fanel ɗinmu tutar ba ta taɓa zama a ƙasa ba, sai cif ya yi ta kewaya wuri ɗaya da gudun da ya fi ƙarfinsa, dare da rana, har batir ya ƙare. Akwai mai gadi a cikin cif, wani ma'ƙirgi da ke sake tayar da shi in ya maƙale, wanda ke kunne tun daga sa batir da wa'adin kimanin milisakan 32. Layin farko na manhajarmu shi ya sallame shi, kamar yadda kowa ke yi. Ita kuwa fitilar da ta ƙifta sau uku, umarninta yana gaba da saita agogo, lokacin da DCO ke kan saurinsa na farko, wajen megahaz 1.1. Shaidar da ta bayar ita ce batir ya shiga, ba wani abu ba.

Da a ce zagayen bai riƙe shi ba, da abin ya fi muni. Rubutu da gogewa a filash suna buƙatar bugu tsakanin kilohaz 257 da 476. Mun raba megahaz 1 gida uku, 333, tsakiyar zango. Raba megahaz 20 gida uku, ka wuce iyaka fiye da sau goma, kuma rubutun da aka yi a haka ba abin dogaro ba ne: yana iya karantuwa yau, gobe ya canza. Da mun miƙa wa Alhaji lambobin da ba su da tushe, shi kuma ya fasa rufin ɗaki a kansu. Agogo na dogara da ma'adana, ma'adana na dogara da agogo. Gara na'urar da ta yi shiru da wadda ta yi ƙarya.

Gyara

Ɗalibin ya kawo shawarar a kwafo yankin A daga lafiyayyen cif a zuba wa marasa lafiya. Shawara ce mai ma'ana a ido, amma lambobin na wancan cif ne, kamar tabarau ɗin wani. Hanyar aika bayanai tana raba megahaz 1 da 104 don ta sami bit 9,600 a daƙiƙa, kuma kaucewar kashi kaɗan cikin ɗari ta isa ta mayar da rubutu shirme.

Abin da muka yi shi ne auna DCO da kiristal, tun da shi kiristal ba ya buƙatar saiti daga ma'adana. Aka raba bugunsa gida takwas, 4,096 a daƙiƙa, aka sa ma'ƙirgi ya ƙirga bugun DCO nawa ke shiga tsakanin bugu ɗaya da na gaba. In DCO na kan megahaz 1, amsar 244 ce. In ta haura, a rage lambar DCOCTL da ɗaya. In ta gaza, a ƙara. Har ta zauna a 244. Sai a rubuta lambobin da aka samu a mazauninsu na asali. Ɗalibin da kansa ya rubuta wannan 'yar manhaja ya gyara duka huɗun, kuma na ga ya fahimci agogon cif a wannan yini fiye da duk bayanin da na taɓa yi masa.

Asarar da ba ta dawo cikakkiya ba ita ce ta ma'aunin zafi. Yankin A yana ɗauke da abin da ma'aunin kowane cif ya karanta a digiri 30 da digiri 85 a masana'anta, kuma da waɗannan maki biyu ake ja layin da ke mayar da lamba zuwa digiri. Sun tafi. Dole muka samo namu makin. Na farko, muka ƙulle na'ura a leda muka nutsa ta cikin ƙanƙara mai narkewa, digiri 0. Tafasasshen ruwa ba zai yi a na biyu ba: cif ɗin iyakarsa digiri 85, sannan Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, inda ruwa ke tafasa wajen digiri 96, ba 100 ba. Sai muka rufe huɗun a kula ɗaya da lafiyayyu biyu da ma'aunin zafi na gilashi, muka bar su awa biyu, muka ɗauki wannan a matsayin maki na biyu. Sababbin lambobin a yankin B muka ajiye su.

Daga nan muka sake manhajar duka goma sha biyun. Yanzu kafin ta taɓa rajistar agogo sai ta duba ko bayit ɗin 0xFF ne. In shi ne, ta bar DCO yadda yake, ta ƙifta fitila sau goma, ta kashe komai. Jiran kiristal ya sami iyaka. In bai tashi ba, ACLK ya koma kan VLO, a kuma sa alama a cikin bayanan. Mun yi muhawara ko a cire kiristal ɗin gaba ɗaya a huta, na ƙi. VLO ana cewa kilohaz 12 ne, amma yana iya zama ko'ina tsakanin 4 da 20, kuma yana kaucewa da kimanin rabin kashi cikin ɗari a kowane digiri. Bambancin digiri goma tsakanin asuba da azahar kashi biyar ne, wanda in ya ɗore yini guda ya haura awa ɗaya. Kiristal mai kuskuren kashi 20 cikin miliyan ba ya ɓatar da daƙiƙa biyu a rana. Alhaji yana son sanin ƙarfe nawa ɗaki ke ɗaukar zafi, don haka VLO ɗan riƙon ƙwarya ne kawai. Mun kuma saita bit ɗin XCAP, masu daidaita da'irar kiristal, zuwa fikofarad 12.5 don ya dace da kiristal ɗinmu, muka shafa wa ƙafafunsa fenti mai hana laima.

Binciken ya tono wani rami da ba mu faɗa ba tukuna. Cif ɗin yana aiki har batir ya sauka bolt 1.8, amma rubutu a filash da awon zafi duk suna buƙatar 2.2. Tsakanin nan na'ura za ta yi kamar lafiyarta ƙalau tana rubuta abin da ba a tabbatar ba. Yanzu tana auna batirinta kafin kowane rubutu, in ya sauka ƙasa da 2.4 ta rubuta alamar rufewa ta daina. Mai gadi kuma yana kunne duk lokacin da cif ke farke, sai dab da barci a dakatar da shi. RAM ma mun leƙa ta: lambobin da manhaja ke aiki da su suna hawa daga 0x0200, sitak, wato ajiyar wucin gadi ta cif, yana gangarowa daga sama, kuma babu katanga tsakaninsu. Muka cika ta da 0xA5 muka bar na'ura ta yi yini, muka ga inda aka taka. Aikin mayar da lamba rubutu ne ke cin wuri, sai muka mayar da shi kan kwamfuta.

Fitilar gwaji ta koma ƙarshe. Ba ta ƙiftawa sai na'ura ta yi barcin farko, ta farka, ta rubuta awon gwaji ta karanto shi daidai. Kuma babu akwatin da ake rufewa sai mita ta nuna wutar ta faɗi.

Na gaya wa Alhaji abin da ya faru ba tare da kwana-kwana ba, kuma ban karɓi kuɗin huɗun ba sai bayan sun cika wata suna aiki. Allah ya taimaka huɗun ba a ɗakuna biyu suka taru ba, kowacce tana da lafiyayyar abokiya a ɗakinta, don haka babu ɗakin da ya rasa bayanan watan farko. Bayanan sun nuna ɗakuna biyu na ɓangaren yamma su ke ɗaukar zafi, daga bayan azahar har la'asar sakaliya, kuma ba sa hucewa sai dare ya raba. Alhaji ya sa aka yi musu silin, aka buɗe tagogin iska ta sama, ya kwashe irin da ya fi tsada zuwa ɗakunan gabas. Na'urori huɗun mun ɗiga musu jan fenti a murfi, kuma kafin ajiyar kowace shekara sai sun sake shiga ƙanƙara da kula.